Farar Riga da Baƙar Fata: Inda Sikana Ke Kuskure a Kan Tsohon Fim

Bayan an yi sadakar arba'in ta mahaifinmu muka buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa a gidanmu na Agege. A can ƙasa, bayan takardun fili da tsofaffin rasidai, muka tarar da ambulan na masu wankin hoto birjik, kowanne cike da yankakken fim, wanda muke kira negetif. A gefen fim ɗin an rubuta sunaye da ƙananan haruffa: Kodak Gold, Fujicolor, Konica, Agfa. Hotunan da aka wanke daga cikinsu sun daɗe da watsewa a hannun dangi, waɗanda suka rage kuma laimar Legas ta manne su da ledar albam, in ka ja sai fuskar mutum ta biyo ledar. Negetif ɗin ne kaɗai ya tsira.

Na ɗauki ambulan uku na kai wani shago a Ikeja aka yi mini sikanin ɗinsu, wato aka ɗora su a na'urar sikana ta kwafe su zuwa hoton kwamfuta. Abin da aka zuba mini a waya ya sosa mini rai ƙwarai. Akwai hoton Baba ranar Sallah, sanye da farar babbar riga mai aska takwas. Fuskarsa ta zama baƙin dunƙule, ba ido ba hanci, rigar kuma ta yi fari fat, ko zare ɗaya na aikin ba a gani. Hoton da ke biye masa, wanda aka ɗauka a wuri ɗaya a sa'a ɗaya, ya fito kore-kore, na uku kuma ja. Yaron shagon ya ce mini, "Oga, fim ɗin ne ya mutu." Da na dawo gida na ɗaga wannan negetif ɗin a jikin taga, na kara gilashin ƙara girma, sai ga aikin rigar nan daram, ga layin gemun Baba. Abin yana cikin fim ɗin, na'urar ce ba ta kwaso shi ba. Wannan ne ya sa na nemi sikana ta hannu na zauna koyo, yau ga shi har wasu na kawo mini nasu daga Idi-Araba da Obalende.

Abin da na fara fahimta shi ne abubuwa biyu ne ake cakuɗawa a danna musu maɓalli ɗaya. Na farko yawan hasken da sikana za ta tura ya ratsa fim, da tsawon lokacin da idonta zai yi yana karɓarsa. Na biyu fassarar abin da aka karɓa zuwa launi. Na farkon aikin awo ne, yana da amsa guda ga kowane nadin fim. Na biyun yana buƙatar mutumin da ya san abin da ke cikin hoton. Idan aka ɓata na biyu ana iya gyarawa gobe a kwamfuta. Idan aka ɓata na farko, abin da ya zube ya zube, sai an sake ɗora fim ɗin.

A negetif komai a juye yake. Inda haske ya bugi fim sosai, kamar farar riga ko sararin sama, nan ne ya fi duhu da kauri. Inda haske ya yi kaɗan, kamar inuwa ko baƙar fata, nan fim ɗin ya yi sirara, kusan garau. Ke nan fuskar Bahaushe a ƙarƙashin hula ko mayafi tana zaune ne a ɓangaren da ya fi sirara, taki kaɗan tsakaninta da wurin da babu hoto sam. Da ma can kyamarar ta riga ta rage mata rabo, domin ma'aunin hasken kyamara in ya ga farar shadda ta cika masa ido sai ya ɗauka rana ta yi yawa, ya tsuke ƙofar haske, fuska ta samu ƙasa da abin da take buƙata. To idan sikana ta ƙara haske fiye da kima, wannan siraran wurin zai cika idonta har ya tumbatsa, ɗan bambancin da ke tsakanin kunci da goshi ya shafe, in aka juya hoton sai ya zama baƙi ƙirin. Idan kuma ta rage hasken da yawa, wurin da ya yi kauri ba zai bari komai ya ratsa ba, sai farar riga ta fito da tsaki-tsaki, aikin ɗinkin ya nutse. Daidai shi ne a saita hasken ta yadda wurin da ya fi kowane garau a fim ɗin zai tsaya gab da tumbatsa amma bai tumbatsa ba.

Wannan wurin kuwa ba a cikin hoto yake ba. Shi ne ɗan tsagin da ke tsakanin hoto da hoto, ko kan fim ɗin da haske bai taɓa ba. Babu abin da zai fi shi garau a duk nadin. Saboda haka nakan fara da shi. A manhajar VueScan akwai hanyar da aka tanada takanas domin wannan: ka zaɓi tsagin kaɗai, ka yi gwajin farko, ka kulle hasken, ka sake gwaji, sannan ka kulle launin gindin fim. Daga nan duk hotunan da ke nadin, ashirin da huɗu ne ko talatin da shida, da awo ɗaya za a ɗauke su. Wanda ke aiki da manhajar Epson zai iya shiga ɓangaren ƙwararru, ya buɗe taswirar haske, wato histogiram, ya ja alamomin gefe biyu da hannunsa su fita waje da tudun, domin in an bar ta takan matso da su ciki ta yanke gefe da gefe don hoto ya yi ƙyalli. Abin da take yankewa a gefe ɗaya fuska ce, a ɗaya gefen kuma aikin riga.

Akwai wani ƙaramin kuskure da ke ɓata aiki fiye da yadda ake zato. Idan layin zaɓin hoto ya haɗa da bakin marikin fim, wannan baƙar robar da ake jera negetif a ciki, ko ya leƙa wurin da babu fim sam, sikana za ta lissafa da su. Sai ta ɗauka wannan ne mafi duhu ko mafi haske a hoton, lissafin gaba ɗaya ya karkace. A matso da layin ya shigo ciki kaɗan kafin a bar ta ta auna komai.

Sai batun launi, wanda nan ne aka fi shan wuya. Duk wanda ya taɓa riƙe negetif mai kala ya san ruwan goro ne, ko ruwan lemo. Mutane da yawa suna ɗauka tsufa ne ya rina shi, alhali haka aka yi shi daga masana'anta. Fim mai kala yana da shimfiɗa uku, kowace tana fitar da rini guda idan an wanke: rawaya, ja mai shunayya, da shuɗi mai kore-kore. Biyun ƙarshe ba tsarkakakku ba ne, suna shan wani ɓangare na hasken da ba nasu ba. Don a rama wannan aibin ne aka saka wasu sinadarai masu launi a cikin shimfiɗun, su ne ke ba fim ɗin ruwan goro. Haka fina-finan da ake wankewa da tsarin C-41 suke, tsarin da Kodak ya fito da shi a 1972, wanda kusan duk hotunan kala na iyayenmu suka bi ta cikinsa. Ruwan goron nan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har ma daga nadi zuwa nadi, gwargwadon ruwan wankin da mai hoto ya yi amfani da shi da kuma shekarun da fim ɗin ya yi a ajiye. Shi ya sa jerin sunayen fim da ke cikin manhaja, irin wanda manhajar SilverFast ke kira NegaFix, mafari ne kawai. An auna su ne da sabon fim da aka wanke a ƙa'ida. Namu ya yi shekara talatin ko arba'in a cikin zafi da damshin Legas. Awon da aka ɗauka daga jikin fim ɗin da ke hannu ya fi kowane jeri gaskiya.

Bayan an cire ruwan goro an juya hoton, saitin kai-tsaye yakan yi wani zato: wai idan aka gauraya duk launukan da ke cikin hoto ya kamata su ba da ruwan toka. Idan ya ga wani launi ya rinjaya, sai ya ɗauka aibi ne ya zuba kishiyarsa. A hoton fili da bishiya da sama wannan zaton yakan yi kusa da daidai. A hotunanmu kuwa sau da yawa ɓarna yake yi. Ɗauki hoton biki inda mata goma suka yi anko na jan leshi. Na'ura za ta ga ja ya yi yawa, ta zuba kore da shuɗi, fuskokin su fito kamar na marasa lafiya. Ɗauki wanda aka ɗauka a tasha a jikin danfo: rawayar motar ta cika hoto, sai a mayar da mutumin da ke tsaye shuɗi. Ko hoton watan Janairu da hazon hunturu ya lulluɓe gari. Wannan ƙura-ƙurar da ke sararin ita ce ranar, na'ura kuma za ta share ta ta ba ka sama garau irin ta bayan ruwan sama. Kuma tunda kowane hoto take yi wa lissafinsa daban, shi ya sa hotuna uku na Baba a wuri ɗaya suka fito da kala uku.

Matsalar fatarmu da fim ta girmi sikana. Tun shekarun 1950 Kodak yana aika wa masu wankin hoto wani kati mai hoton wata farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley, domin su daidaita injinansu da launin fatarta. Sai a shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Wata malama a Jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta yi bincike a kan wannan ta wallafa a 2009, inda ta kawo cewa cikin waɗanda suka matsa wa kamfanin ya inganta yadda fim ke nuna launuka masu duhu har da masu sana'ar kayan katako da masu yin cakulan, don kayansu ba sa fitowa da kyau a talla. Ina kawo wannan ne don mai sikanin ya san cewa abin da fim ya kama na fuskar kakarsa ba shi da yawa tun asali, bai kamata ya bari wata na'ura ta sake rage shi ba. Wanda kuma ya ga hotunan kitso da J.D. 'Okhai Ojeikere ya ɗauka a nan ƙasar, kusan dubu, a baƙi da fari, ya san irin zurfin da baƙar fata da baƙin gashi ke da shi idan wanda ya auna hasken ya san abin da yake nema.

To da me za a daidaita launi? Da wani abu a cikin hoton da ka san ba shi da launi. Yawancin manhajoji suna da ɗan tsinke da ake dangwalawa a wuri a ce musu nan toka ne. Ni nakan nemi bulon siminti da ba a yi wa fenti ba, ko kwalta, ko tayar mota, ko kwanon rufi. Farar riga tana jan hankali amma tana da tarko. Iyayenmu mata da bula suke ɗauraye fararen kaya, saboda haka farin yana da ɗan shuɗi-shuɗi na gaskiya. In ka dangwala a nan ka ce fari ne tas, manhaja za ta cire shuɗin daga ko'ina, fuska ta koma ruwan ɗorawa. Haka wurin da shadda ke sheƙi, wannan walƙiya ce, ba ta da amfani wajen awo. Idan na samu hoto ɗaya a nadin da ke da abin dogaro, sai in daidaita shi, in kwafi saitin in ɗora wa duk waɗanda aka ɗauka a irin wannan hasken.

Na ce irin wannan hasken, domin fim ɗin da aka saba sayarwa an yi shi ne don hasken rana, wajen 5,500 a awon Kelbin, wato ma'aunin launin haske. Ƙwan lantarki na da, mai jan haske, bai wuce 3,000 ba, shi ya sa hoton cikin ɗaki da ba a kunna filasha ba yake fitowa ruwan goro. Doguwar fitila kuma kore take bayarwa. Waɗannan sai an ware su an yi musu nasu. Ra'ayina shi ne kada a goge ɗumin ƙwan gaba ɗaya. Ɗakin Inna da dare haka yake, ja-ja, wanda ya zauna a ciki ya sani.

Wanda ya fi wahala shi ne fim ɗin da rininsa ya koɗe. Shimfiɗun nan uku ba sa tsufa tare, zafi da damshi kuma suna gaggauta abin. Sakamakon shi ne inuwa ta karkata wani launi, wurin haske ya karkata kishiyarsa. In ka gyara riga fuska ta ɓaci, in ka gyara fuska riga ta ɓaci, ka yini kana jan maɓalli ɗaya gaba da baya ba ka isa ba. Nan sai an buɗe layukan daidaita launi da ke cikin manhaja, na ja da na kore da na shuɗi, ɗaya bayan ɗaya, a daidaita kowanne a wuri uku: duhu, tsakiya, da haske. Kuma a nan ne amfanin bit 16 ke fitowa, wato saitin da ke ƙayyade yawan matakan launin da sikana za ta ajiye. Da bit 8 kowane launi yana da matakai 256 kacal, da bit 16 kuwa 65,536. Negetif a cure yake, tazarar da ke tsakanin duhunsa da haskensa kaɗan ce, dole a miƙe shi kafin ya zama hoto. In ka miƙe matakai kaɗan sai su rabu, ka ga sama ta yi layi-layi, kunci ya yi taswira. Layin shuɗi ya fi shan wannan wahalar, don ruwan goron fim shuɗin haske yake sha. Saboda haka nakan ajiye ɗanyen sikanin a nau'in fayil ɗin TIFF mai bit 16 ba tare da na taɓa shi ba, in yi gyara a kan kwafi, in fitar da JPEG don turawa dangi a WhatsApp.

Batun ƙuduri, wato yawan ɗigon da sikana ke ɗauka a kowane inci, ba ya buƙatar dogon bayani. Hoton fim mai milimita 35 girmansa milimita 24 ne a 36. A ɗigo 2,400 cikin inci za ka samu kusan 3,400 a 2,270, wajen ɗigo miliyan bakwai da dubu ɗari bakwai, fayil ɗin kuma a bit 16 ya kai megabait 46. Ya isa a buga babban hoton bango. Lambar 6,400 da ke jikin kwalin sikana irin Epson V600 kada ta ruɗi kowa, abin da gilashinta ke iya rarrabewa bai kai rabin haka ba.

Akwai saitin share ƙura da ake kira Digital ICE, wanda ke haska fim da hasken infirared, irin wanda ido ba ya gani. Rinin kala yana barin wannan hasken ya wuce, ƙura da ƙarzuwa kuma suna tare shi, da haka na'ura ke gane su ta cike gurbinsu. A negetif mai kala yana da amfani sosai. A baƙi da fari na gargajiya a kashe shi, domin hoton da ƙwayoyin azurfa aka yi shi, su ma suna tare hasken, sai na'ura ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti ta dame shi. Haka yake ba da matsala a silaid ɗin Kodachrome. Silaid ma dai nasa sha'anin daban ne: ba shi da ruwan goro, ba a juye yake ba, kana iya ɗaga shi ka kwatanta da allo, amma duhunsa yana da kauri har ƙananan sikana ba sa iya ratsa shi.

Funfuna kuwa babu saitin da ke maganinta. Takan bi fim kamar saƙar gizo, ta ci shimfiɗar da hoton ke kwance a kai. Kada a sa wa irin wannan ruwa, don wurin da ta ci yana iya narkewa ya tafi da hoton. A hura masa iska da robar hura ƙura, a riƙe shi ta gefe, a yi sikanin yadda yake. Wanda kuma ya fara warin tsami irin na binega, gindin fim ɗin ne ya fara ruɓewa, a raba shi da sauran a fara da shi.

Kwanakin baya wata Hajiya daga Idi-Araba ta kawo mini negetif na bikin aurenta. Na bi duk abin da na lissafa, na auna tsagi, na kulle haske, na samu bangon siminti a bayan amarya na daidaita da shi. A idona hoton ya yi. Na juya mata allon, ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗana, fuskokin sun yi, Allah ya yi maka albarka. Amma wannan zanen ba ja ba ne haka, ruwan hanta ne. Yayata ce ta sayo mini shi a Balogun." Na koma na duba, ashe bangon da na dogara da shi an taɓa shafa masa wani koren fenti da ya koɗe, na cire koren da ke nasa ne, ja ya hau ko'ina. Na canza wurin awo zuwa tayar motar da ke gefe, na rage ja kaɗan-kaɗan tana kallo, har ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan. Shi ne." Na rubuta lambobin a bayan ambulan, na ɗora su a kan sauran hotuna goma sha ɗaya da aka ɗauka a tsakar gidan, duk suka zauna.

Tun daga ranar, in aikin na iyali ne, nakan roƙi a zo mini da dattijo ɗaya da ya halarci abin, ko a kawo tufa ɗaya da ke cikin hoton idan tana nan. Na Baba ma haka na yi. Babbar rigar tana wurin Kawu, na aro ta na rataye kusa da taga da hantsi, na kashe fitilar ɗaki don kada haskenta ya ruɗe ni, na daidaita farinta da na allo. Aska takwas ta fito zare-zare, fuskarsa ta fito har da ɗan tabon da ke gefen girarsa ta hagu. Ambulan goma sha huɗu suka rage a akwatin, biyu daga ciki sun fara warin tsami, da su zan fara ranar Asabar.